Habi Mai Ƙuli da Littafin Aro

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Sabon Birni ya san Habi mai ƙuli-ƙuli. In idonsa bai san ta ba, to haƙoransa sun san ta, don ƙulinta ba ya wasa da kowa. Gajeriyar mace ce mai saurin tafiya da babbar murya, kuma da wuya ka gan ta a hanya hannu sake. Ko dai tana ɗauke da abin da ta aro, ko tana kan hanyar mayar da shi.

'Yar Kamarawa ce ta ƙasar Isa. Aure ya kawo ta Sabon Birni gidan Wakili, wani manomin gero da Allah ya yi wa rowar magana. Mutanen unguwa na cewa da gangan aka haɗa su don gidan ya daidaita, ita ta yi surutun mutum biyu, shi ya yi shirun mutum biyu. Sun haifa, sun aurar, kowa ya kama gabansa, aka bar su su biyu da awaki da ƙamshin man gyaɗa.

Bayan ƙuli, abin da aka fi sanin Habi da shi shi ne ba ta yar da komai. Gwangwanin tumatir ba ya mutuwa a gidanta, sai dai ya sake sana'a: yau ma'aunin gishiri, gobe mazubin allura, jibi abin shayar da 'yan tsaki. Leda kuwa wanke ta take yi ta shanya a igiya tare da zannuwa, har wani baƙo ya taɓa leƙowa ya tambaya ko taron siyasa za a yi. Tsohon zane ya koma tsumma, tsumma ya koma gammo, gammo in ya gaji a toshe tsagar bango da shi. Sayen sabon abu kuwa, a ganinta, aikin wanda ba shi da maƙwabta ne. Turmin da take daka gyaɗa na Fatu ne, maƙwabciyarta ta bayan katanga. Tsani na gidan liman ne. Da wani ya ba ta shawarar ta sayi nata, sai ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Mi za ni yi da tsani nawa na kaina? Kullum nika hawa sama?"

Sai dai aron nata yana da doka, kuma daga uwarta ta gaje ta: abin aro ba ya komawa wayam. In ta ari tukunya, da ɗan ƙuli a ciki za ta koma. Tsani ya koma da ƙulli rataye a matakin farko. Ko allura ta ara, sai ta soke ta a jikin ƙuli guda ta mayar, har Fatu ta taɓa kusa haɗiye allurarta ta kanta. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Gobir, kowace mace ta san kwano ba ya komawa gidan mai shi a bushe. Bambancin dai shi ne sauran mata sukan manta jifa-jifa, Habi kuwa da ta manta gara ta fita kasuwa ba ɗankwali.

Boko da furfura ya same ta. An buɗe ajin manyan mata a firamaren unguwa, ana shiga bayan la'asar, kuma kada a yi mata ƙarya, ba son ilimi ne ya kai ta ba. Ji ta yi an ce kyauta ne, har allo da alli aro ake bayarwa, ta ga ba za ta iya zama a gida ana rabon abu a banza yana wuce ta ba. Amma da baƙaƙen suka fara haɗuwa suna zama magana, sai abin ya kama ta kamun gaske. Ta karanta buhun taki. Ta karanta kwalin ashana ciki da baya. Ta taɓa tsayar da wani mai babur a tsakiyar hanya, ya ɗauka fasinja ya samu, ashe so take ya tsaya cik ta ƙarasa abin da ke rubuce a bayan rigarsa.

A shekarar ne wata ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta buɗe ɗakin karatu a wani tsohon sito kusa da tasha. Littattafan tsintuwa ne: na malaman da suka yi ritaya, na mamatan da magada suka rasa yadda za su raba, da wasu da aka kawo daga Sakkwato a buhunan albasa, waɗanda har yau in ka buɗe su sai idonka ya yi ruwa ko da labarin na dariya ne. Aka ɗora Malam Shafi'u a kan ɗakin. Siririn malamin sakandare ne mai tabarau, mutumin kirki, amma in ka ce masa ina kwana sai ya ba ka labarin yadda hamada ke matsowa. Shi ya zo ajin matan wata rana don ya jawo su.

"Iyayena," ya ce, "takarda daga icce aka yin ta. Duk sabon littahin da kunka gani, wani icce anka kada. In kowa yas sayi nashi, daji ya tahi. In kuwa munka ari guda muna karɓa-karɓa, itatuwa sun tsira. Ku zo ku ara, kyauta na."

Sauran matan suka gyaɗa kai, hankalinsu na kan tuwon da ba su ɗora ba. Habi kuwa maganar ta shige ta har ƙashi. Ta tashi a Kamarawa lokacin da yarinya ke bin inuwa daga gida har gona, gawo ya miƙa ta ga tsamiya, tsamiya ta miƙa ta ga kanya. Yanzu, tun da daji ya zama abin tsoro saboda 'yan bindiga, ba mai yin nisa neman itace, sai gatari ya dawo kan na bakin gari yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Abin ya daɗe yana ci mata rai, ba ta san wa za ta kama ba. Ga shi yau wani mai tabarau ya tsaya gabanta ya ce maganin abin aro ne. Aro fa! Abin da ta fi kowa iyawa a garin.

Yadda ta fahimci zancen, littafi guda bishiya guda ne, kuma mai aro ke zaɓar bishiyarsa. Littafin farko da ta ɗauka na kiwon kaji ne, ta ba shi dogonyaron da ke bakin masallacin unguwarsu. Na tatsuniyoyi ya tafi ga wani gawo a hanyar Tsamaye. Da ta tuna babbar kukar nan ta hanyar Isa, sai ta ga ba ƙaramin littafi zai riƙe ta ba. Ta zaɓi wani ƙaton littafin lissafi na Turanci wanda ko kalma ɗaya ba ta iya karantawa a ciki, ta naɗa gammo, ta ɗora a ka, ta kai gida. Kullum sai ta buɗe shi ta ƙura wa shafi ɗaya ido na ɗan lokaci, don kada a ce ta yi ha'inci.

In ta shiga motar Isa za ta suna ko gaisuwa, fasinjoji ba su da hutu. "Kun ga gawon can mai karkata?" za ta ce, tana nuni ta taga har ta kusa tsokane wa na kusa da ita ido. "Ni nit tsai da shi. Da idanuna nib biya shi." Direba ya ce, "Allah shi saka da alheri, Inna," ya ƙara wa rediyo murya. Malam Shafi'u ya so ya gyara mata lissafin, ya fara bayani kan masana'anta da jiragen ruwa, sai ya ga ta fi duk ɗalibansa karatu, ya haɗiye bayaninsa.

Ranar da ta mayar da littafin kajin, ta ajiye shi a tebur ta ɗora ƙullin ƙuli a kai.

"Inna, wanga hwa?"

"Na littahin na."

"Ai ba a biya nan. Kyauta aka ara."

"Wa yac ce maka biya na? Ni nic ce saye niy yi? Ci abinka, ɗana."

Malam Shafi'u bai ci abincin rana ba ran nan. Ya duba hagu, ya duba dama, ya kwance ƙullin. Duk abin da ya biyo baya daga wannan lomar ya taso, kuma duk mai adalci zai ce rabin laifin nasa ne.

Matan aji suka ga abin da Habi ta yi, kunya ta kama su. Ashe haka ake yi, su suna ta mayar da littafin mutane a bushe? Fatu ta kawo nata da daddawa. Wata ta kawo da busasshen kifi, wata da dakuwa, wata baiwar Allah kuwa da kwaɗon zogale a ganye, yana ɗiga. Malam Shafi'u ya fara ƙin karɓa, sai suka koma ɓoyewa, don a wurinsu ƙin karɓar kara ce irin ta mai kunya, kuma mai kunya taimakonsa ake yi. Habi ta fi kowa dabara. Takan tura ƙullin bayan littattafai a kanta, ko ta fasa ƙulin ta jera shi a tsakiyar shafuka ta rufe. Mai ya ratsa takardu har ya zama kana iya karanta shafi biyu a lokaci guda. Ɗakin karatu ya ɗauki ƙamshin layin masu ƙuli da na masu kifi a haɗe.

Sai ga samarin tasha, waɗanda rabonsu da takarda tun firamare, sun fara shigowa da sallama suna wucewa kantar baya wai za su yi bincike. Malam Shafi'u ya yi ta murna, har ya gaya wa abokan aikinsa cewa gari ya waye. Murnar ta ƙare ne ranar da ɗakin ya yi tsit, ya ji binciken yana ƙara ƙurus-ƙurus.

Daga nan ɓeraye suka samu labari. Don ƙuli suka zo, amma da suka ɗanɗana takarda mai maiƙo sai suka tare da iyalansu. Suka fara da littafin kajin, suka cinye babin cututtuka kaf. Suka shiga tarihin Gobir suka cinye sarakuna uku da rabin wani yaƙi, har yau masu karanta shi ba su san wa ya ci nasara ba. Da Habi ta zo, Malam Shafi'u ya kwaso guntayen a tafin hannu ya nuna mata.

"Kusu, Inna. Kusu ya gama da mu. Abinci ka kiran shi. Daga yau ba abin ci a ɗakin ga, ko ƙwaya guda."

Habi ta dafe ƙirji. Ta ji zafin abin da gaske, don a lissafinta littafin da ɓera ya ci bishiya ce ta mutu sau biyu. "Wallahi ka yi gaskiya," ta ce. "Ba abin ci. An gama." Malam Shafi'u ya yi ajiyar zuciya, ya ɗauka magana ta ƙare. Bai san Habi ba.

Littafi na gaba da tsintsiya ya dawo. Na bayansa da faifai. Sai mafici, sai maburgi, sai ludayin duma. Matan aji suka bi sahu, kafin wani lokaci kusurwar ɗakin ta cika kamar ana haɗa kayan ɗakin amarya. Da Habi ta ji ɓeraye ba su daina ba, sai ta je ta aro kyanwar Fatu, ta sako ta a buhu, ta kawo tare da wani littafin tatsuniyoyi. Wannan kam ta yi amfani, a faɗi gaskiya, ɓeraye suka yi ƙaura. Sai dai kyanwar da cikinta ta zo. Ta zaɓi kwalin littattafan noma ta haihu a ciki, daga ranar duk wanda ya miƙa hannu neman ilimin taki sai ya koma da yakushi.

Ana haka aka ce manyan ƙungiyar za su zo daga Sakkwato su ga yadda ɗakin ke tafiya. Malam Shafi'u ya share, ya goge, ya tura tsintsiyoyi da faifaye saman kanta inda ido ba ya kaiwa. Habi ta ji labari, ta ga ranar fitar da Malam kunya ce. Littafin da ke hannunta lokacin na kiwon zomo ne, ɗan siriri, amma ai baƙi za su gani, ba a kawo maburgi gaban baƙi. Ta kama zakaranta ja, wanda take tanadi don salla, ta ɗaure ƙafafunsa da tsumma, ta rungumo shi da littafin. A ganinta ba ta karya doka ba. Zakara mai rai ai bai zama abinci ba tukuna.

Ta shiga ana tsakiyar jawabi. Baƙi na zaune a benci da manyan riguna, Malam Shafi'u na tsaye yana zancen hamada. Ta durƙusa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye littafi a tebur, ta ɗora zakara a kai. Tsumman nan kuwa ya riga ya yi aikin zane, ya yi na gammo, ƙarfinsa ya ƙare. Zakara ya yi fisga ɗaya ya tsinke shi. Kyanwa ta leƙo daga cikin littattafan noma, ta ga abin da ke barazana ga 'ya'yanta, ta yi tsalle. Zakara ya haye kan wani alhaji ya tafi da hularsa, ya faɗa saman kanta, kyanwa ta bi shi, kanta ta yi girgiza, sai ga ruwan tsintsiya da faifai da ludayi a kan manyan baƙi. Wani ya nufi ƙofa ya yi karo da samarin tasha da suka taho kallo. Wani dattijo ya hau benci yana ta salati, babbar rigarsa a tattare.

Malam Shafi'u ya tsaya da gashin zakara a kan tabarau. Mutum ne mai haƙuri, amma ran nan haƙurin ya ƙare a gaban kowa.

"Inna Habi, don Allah ya isa! Nan ba gidan suna ba na! Littahi don Allah aka ba kowa, mai shi da marar shi. Ba mu son komi naki. Ki kawo littahi, ki ɗauki littahi, ki tahi!"

Waɗanda suka san Habi suka jira a yi ruwan magana, amma ita sai ta juya abinta. Ta lallaɓa ta kama zakaranta a bayan ƙofa, ta saka shi a hammata. Ta dubi littafin zomon da ke kan tebur. An ƙi abin da ya zo da shi, ke nan bai dawo ba. Ta ɗauke shi, ta fita da su biyun.

Nan fa Habi ta shiga tsaka mai wuya. Ba za ta mayar da littafi wayam ba, an kuma hana ta mayar da shi da komai, sannan ba a ba da wani sai an kawo na hannu. Ta sake hanyar zuwa kasuwa don kada ta bi ta tasha. Ta karanta littafin zomon ta ƙare, ta sake farawa. Da ta gaji da karanta wa kanta sai ta koma karanta wa Wakili da ƙarfi, da safe kafin ya tafi gona, da yamma yana shan fura. Wakili bai taɓa kiwon zomo ba, ba ya ma cin namansa, amma ya haddace komai. Wata rana wani makiyayi ya wuce ta gefen gonarsa ya ji shi yana yi wa jaki bayanin yadda ake gane zomanya mai ciki.

Fatu ta leƙo ta katanga ta ce, "Ke Habi, ba ni shi in kai maki mana. Wa za shi sani?"

"Ni za ni sani," in ji Habi. "Aike ma ai hannuna na."

Ƙulinta ya ƙara tauri a kwanakin, masu saye suka yi ta ƙorafi. Ba ta gaya wa kowa ba, amma kewar ɗakin nan ta dame ta: warin albasa da tsohuwar takarda, da yadda takan bi kanta da yatsa tana zaɓe kamar mai zaɓen zane. A duk rayuwarta ba ta taɓa shiga wurin da aka tara abin aro da yawa haka ba, kuma da bakinsu suka ce ba sa son komai nata.

Sai kuma aka wayi gari an sare dogonyaron bakin masallaci, wai za a gina shago. Habi na dawowa daga kai niƙa ta tarar da kututture da 'yan rassa ana loda wa amalanke. Ta sauke ƙwaryarta, ta tsaya, hawaye suka zubo. Bishiyarta ta farko ce. Ta tabbata a ranta ita ta sake ta, tun da ta daina aro ba abin da ke riƙe da ita. Wasu matasa da ke zaune a gefe suka yi dariya, kuma ba su kyauta ba. Lissafinta na iya zama karkatacce, amma a duk unguwar ita kaɗai ce ta yi wa bishiyar kuka.

Bayan kwana kaɗan, da la'asar, aka yi sallama a ƙofar gida. Ta gane muryar Malam Shafi'u. Ta ce a ranta ƙwace ya zo yi. Wakili ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, suka gaisa, sannan suka zauna suna kallon bango tare. Habi ta fito da littafin naɗe a wankakken ɗankwali, ta rungume shi a ƙirji, ta zauna daga bakin ƙofa.

"Inna," in ji Malam Shafi'u, "na yi maki tsawa gaban mutane, ban kyauta ba. Ki yahe mani. Ɗaki ya yi shiru tun da kinka bar zuwa, matan aji ma sun ɗauke ƙahwa. Ki kawo littahin haka nan, wallahi ba komi."

"Gare ka na ba komi," ta ce. Ta gyara zama, muryar nan tata mai cika kasuwa ta yi ƙasa. "Malam, gidanmu Kamarawa ba mu da komi. Tukunya aro, tabarma aro, har zanen da innata ka zuwa biki da shi aro na. Amma ba ta taɓa mai da abin mutane hannu sake ba, ko da gyaɗa ƙwaya biyu ta. Tac ce mani, Habi, muddin kina sa wani abu ciki, ke maƙwabciya ta. Ranar da kinka mai da shi wayam, kin zama mai bara. Ban yi bara ina yarinya ba, Malam. Ba ni hwara ta da hurhura."

Malam Shafi'u ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake cirewa. Bai ce komai ba har aka daɗe. Wakili ya dube shi da girmamawa, ya ga yaron ashe ya iya zama da mutane.

Can sai Malam ya yi gyaran murya. "Inna, kina da samira? Ki ara mani. Hafiza matata na da baƙi gobe, kwanoninmu ba su isa."

Habi ta waiga bayanta ta ga ko da wata yake magana. Ba kowa sai akuya. Ita yake nufi. Sai a lokacin wani abu ya faɗo mata wanda ba ta taɓa tsayawa ta tuna ba: shekarunta duka tana zaga gidajen mutane da sallama, amma ba wanda ya taɓa tsayawa a ƙofarta ya ce ta ara masa. Wa zai ari kayan Habi? Komai nata ya sha faci, ya yi aiki uku kafin ya zo wanda yake yi. Ga shi yau malami guda, mai tabarau, mai ɗaki cike da littattafai, ya zauna a zaurenta yana neman aro.

Ta miƙe da sauri har ta kusa taka akuyar. Samira ɗaya gare ta, maƙeri ya liƙe gindinta, murfin ma na wata tukunya ne daban. Ta wanke ta da toka, ta ɗauraye, ta ga bai yi mata ba ta sake wankewa, ta goge da gefen zane har ta ɗan yi ƙyalli. Ta kawo ta miƙa da hannu biyu. Malam Shafi'u ya buɗe murfi ya leƙa.

"Haba Inna. Haka za ki ba ni ita, ba komi ciki?"

Ya ɗan karkata kai wajen ɗankwalin da ta ajiye a kan tabarma. Habi ta dubi littafin, ta dubi samirar, ta dubi Malam. Ta gane sarai abin da yake yi, kuma ta auna shi ta kowane gefe a ranta ba ta ga inda ya karya dokar uwarta ba. Wannan ba mayar da aro ba ne. Ita ce mai bayarwa, kuma mai bayarwa yana da ikon ya cika kwanonsa da abin da ya ga dama. Ta kwance ɗankwalin, ta sa littafin zomo a cikin samira, ta rufe. Wakili ya ɗaga hannuwa sama ya ce, "Alhamdu lillahi," wanda shi ne jawabinsa mafi tsawo a wannan makon.

Kashegari da la'asar Malam Shafi'u ya dawo da samira a rungume. Habi ta riga ta share ƙofar gida tun azahar, tana ta leƙe. Ya durƙusa ya ajiye a gabanta.

"Ga samira, Inna, mun gode. Ba a mai da abin aro wayam, haka nij ji ga manya."

Ta ɗaga murfi. Wani littafi ne a ciki, mai kauri, mai hoton jirgin ruwa a bango, warin albasarsa na tashi. Dariya ta kama ta, ta yi ta yi har ta koma kuka, ta rasa wanne take yi. Ta share ido da haɓar zane ta ce, "Baƙin hwa, sun ci?"

"Sun ci, sun ƙoshi," in ji Malam Shafi'u. Samirar ko ƙamshin miya babu a jikinta, amma ba wanda ya ɗaga zancen. "Jibi ma muna da wasu baƙin. Hafiza mutum ta mai jama'a."

Wakili ya miƙo wuya ya leƙa cikin samirar da tsoro a fuskarsa. "Ba na zomo ba na dai?"

Malam Shafi'u na fita, Habi ta ɗauki samirar ta nufi katanga. Ta taka gindin turmi ta ɗago kai, ta buɗe muryar nan da unguwa ta kwana biyu ba ta ji ba.

"Fatu! Ke Fatu! In kin ga Malam na wucewa da samira, kada ki tsaya tambaya. Tawa ta. Aro yaz zo gidana."